Sunan da Kakata Ta Ƙi Faɗa

A gidanmu na Kiyako, lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i sai mu zagaye murhun Inna Delu tana gasa mana gyaɗa a toka. Kakata ce, ita ta riƙe ni bayan rasuwar babana. Tatsuniyoyinta ba sa ƙarewa, amma akwai guda da ba Gizo ba Ƙoƙi, kuma ita ce ba na so, don babu abin dariya a cikinta.

Wani mutum ne, in ji ta, yunwa ta koro shi daga wajen Gwaram, da jaki ɗaya da ɗa a kafaɗa. Matarsa ta rasu a hanya, ya binne ta shi kaɗai a gindin wata kuka. Ya iso nan ya roƙi fili, ya sare daji ya yi gona. Tun daga farko har ƙarshe "Wane" take ce masa.

Ran nan na gaji, na ce wane irin mutum ne wannan da ba shi da suna. Ta daina juya gyaɗar.

"Surukina ne, uban kakanka. Bakina ba zai iya kama sunansa ba. Je ka tambayi Baba Ilu, shi babu kunya tsakaninsu."

Baba Ilu maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Ban je ba. Gobe, jibi, har aka kai su makwanci, shi da ita.

Sai da na tara nawa 'ya'yan na tashi neman asalinmu. Mai unguwa ya ce kakana dai Audu Baƙo kowa ya san shi da shi, ba a haɗawa da sunan ubansa. Masu ƙidaya sun zo sun tafi da takardunsu. Aure kuwa a wancan zamani goro ne da shaidu, shaidun duk suna ƙasa. Na je Kwandiko, na je Sara, duk a ƙasar Gwaram. Wani dattijo ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Malam, cigiyar wanda ba ka san sunansa ba kake yi?"

Na daɗe ina jin haushin kunyar Inna Delu. Yanzu na san ita ta yi nata, ni ne na yi sake, kuma abin yana cina.

Gonar da Wane ya sare muke ci har yau. Duk Juma'a ina yi masa addu'a, sai dai in ce, Allah ka san wanda nake nufi.