Mai Jar Mota a Shagon Taya

Ina zaune a bencin shagon taya, riƙe da ƙafar keken guragun Kaka, sai ga wani saurayi cikin 'yar jar mota mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai lashi ƙasa. Turarensa ya danne warin roba. Ko sallama babu. Da tsinin takalmi yake nuna tayoyinsa, waɗanda ko zanensu bai goge ba.

"Baba, cire su duka. Sa min waɗancan masu faɗin, da wili masu ƙyalli."

Tsohon mai shagon ya ce, "Ranka ya daɗe, sun fi ƙarfin motar, za su riƙa gugar jikinta."

"Shawara na zo nema? Kuma wanke hannu kafin ka taɓa min mota."

Tsohon yana kallon hannuwansa. Irin na marigayi Babanmu ne, wanda ya shekara talatin yana tuƙi bai taɓa yar da taya mai sauran rai ba. Wannan kuwa, ina jin tunda aka haife shi ba a taɓa ce masa a'a ba.

Kaka tana kwance tun safe, sai ƙafar nan ta koma jikin keken za ta fito tsakar gida. Na ce wa mai motar na riga shi zuwa. Ya dubi abin hannuna, ya yi dariya.

"Ƙanwata, wannan ai ba ta sauri."

Tsohon bai wanke hannu ba. Ya miƙo su baƙi ƙirin, ya karɓi ƙafar keken.

"Kawo, 'yata. Mai wannan ce ke da wurin zuwa."