Kaushin da Baba Ya Bari

A gidanmu na Madarumfa, ba a cewa aiki ya ƙare sai an gama baki. Mu dukawa ne kaka da kakanni, kuma Baba ya sha faɗa mana cewa ɗinki kowa ya iya, amma bakin fata shi ke tona asirin baduku. In ya yanka fata ya ɗinke, sai ya kwantar da wuƙa ya fere kaifin gefen kaɗan-kaɗan, ya shafa jan karan dafi, ya bari ya sha iska. Sannan ya ɗiga ruwan ƙaro, ya ɗauko ƙashin ƙafar rago da ya gada wurin kakanmu, ya yi ta guga har wurin ya ɗauki zafi, gashin fatar ya kwanta. Daga ƙarshe ya bi da kakin zuma. In ka bi bakin da yatsa sai ka ji sumul, kamar bakin tsohuwar ƙwarya.

Ni ce babba, kuma nawa aikin jiƙa ƙaro da karan dafi. Ƙanena, autanmu, shi ya gaji hannun Baba. Kai, yaron nan ya iya guga! Ba ya iya ganin kaushi ya ƙyale. Ko takalmin baƙo ya gani a ƙofar zaure da baki buzu-buzu, sai ya ɗauke ya gyara, baƙo ya fito yana neman takalminsa. Na sha ce masa wata rana har bakina zai goge, shi kuwa ya ce ai nawa bakin ya fi ƙarfin ƙashin rago.

Akwai abu ɗaya da Baba ke yi wanda ban ga wani baduku yana yi ba. In ɗan gida zai yi tafiya mai nisa, sai ya ɗinka masa zabira da maratayi, ya goge bakin maratayin duka, amma ya bar wani ɗan wuri kusa da kafaɗa, kamar faɗin tafin jariri. Zai fere shi, ya shafa masa ja, amma ƙashi ba zai taɓa shi ba. Sai ranar da mutum ya dawo, kafin ma ya sha ruwa, ya miƙa zabirar a ƙarasa. Wani maƙwabcinmu ya taɓa ce masa wannan ragowar al'adar Azna ce. Baba bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Ni ban yanka wa kowa kaza ba. Aiki na bari, mai aiki ya dawo da shi."

Shekarar da gero ya yi mana gardama, samarin unguwarmu suka tashi da zancen haƙar zinari a can arewa, bayan Agadas. Auta ya ce zai bi su. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na ce da sana'arka a hannu za ka je ka shiga rami kamar gafiya? Inna ta yi kuka. Baba kuwa ya shiga zaure ya zaɓi fatar akuya mafi kyau, kuma da na ga haka na san magana ta ƙare.

Ranar tafiyar, da hantsi, auta ya rataya zabirar, yatsansa ya kai wurin kaushin nan take. Ya yamutsa fuska.

"Baba, wannan wuri zai hana ni sakat."

"Shi ya sa," in ji Baba. "Kada ka taɓa shi. Nawa ne."

Na ce, "Ku ji min, wanga ne zai ga kaushi ya ƙyale? Kafin ku kai Maraɗi ya cinye shi."

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, wallahi ko zai kwana yana cizona, sai na kawo wa Baba abinsa."

Ya hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, yana ɗaga mana hannu, ɗaya hannun yana kan maratayin.

Da farko yana kira. In ya samu inda waya ke kamawa sai ya gaishe da kowa, kuma kafin ya kashe sai ya ce in faɗa wa Baba kaushinsa yana nan, yana goge masa wuya. Baba ya yi murmushi ya ci gaba da ɗinki. Sai na fara jin tari a cikin maganarsa, busasshen tari mai tsayawa a maƙogwaro. Na tambaye shi, ya ce ƙurar rami ce, kowa a can haka yake. Na ce ya tattaro ya dawo. Ya ce sai bayan damina. A kiran da ya biyo baya sai da ya tsaya ya huta kafin ya ƙarasa gaisuwa. Daga nan kuma shiru.

Shirun nan shi ya fi komai cin rai. Damina ta zo ta wuce, aka yanke gero, tabkin garinmu ya cika ya fara ja da baya, masu lambu suka bi ruwan da shuka. Samari suka fara dawowa ɗai-ɗai, baƙaƙe, ramammu. Duk wanda na tare sai ya ce ai su ba rami ɗaya suke ba, ya sunkuyar da kai ya wuce. Labarin zuciya a tambayi fuska. Na je bakin tabki sayen kifi, mata suna hira, ina isowa suka koma zancen tsadar barkono. Na ce musu, "In kun san wani abu ku faɗa, ni ba yarinya ba ce!" Suka rantse ba su san komai ba. Na dawo gida ban sayi kifin ba.

Inna ta daina cin abin kirki. Baba kuwa ya ɗauke ƙashin ragon nan ya naɗe a tsumma ya sa a aljihun gaban rigarsa. Kayan mutane ya koma goge su da guntun katako. Na ce, "Baba, me ya sa?" Ya ce ƙashin ya tsufa, yana tsoron ya tsage kafin auta ya zo. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai in ga hannunsa ya tafi aljihun. Ni kuma haushi ya ishe ni, haushin auta, haushin zinari, har da haushin Baba da ya zauna yana jiran faɗin tafin jariri na fata kamar shi ne zai jawo mutum daga bayan hamada. Amma ni ma a raina da shi na dogara. Ina cewa yaron nan ya rantse, kuma bai taɓa saɓa wa Baba ba.

Wata Laraba bayan la'asar, wani mutumin wajen garin Gabi ya yi sallama a ƙofar zaure. Na gane shi, tare da auta suka hau kamiyo. Na kawo masa ruwa na tsaya a bakin ƙofa, ba wanda ya isa ya kore ni. Ya gaida Baba, ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi sanyi, ya sake komawa kan gida. Ruwan yana gabansa bai taɓa ba. Can ya buɗe buhunsa ya fito da zabirar, ya ajiye a gaban Baba da hannu biyu.

Idon Baba ya riga ya yi rauni a lokacin, da yatsa yake duba aiki. Ya ɗauki maratayin ya fara bi daga ƙasa, a hankali, ya haura kafaɗa, ya gangara ɗaya gefen. Ya juya shi ya sake bi. Ɗaya hannun ya riga ya fito da ƙashin daga aljihu, tsumman ya faɗi ƙasa. Ya bi a karo na uku. Sannan ya ajiye ƙashin a kan tabarma ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ni ce na yi ihu na ce, "Wane irin salati ne wannan, Baba? Ai bai faɗi komai ba!" Na fizge maratayin na bi da nawa yatsan. Sumul, daga farko har ƙarshe.

Sai mutumin ya buɗe baki. Ya ce tarin ya kwantar da auta, har ya kai ba zai iya jure hanyar mota ba, shi ma ya san haka. Wata rana aka yanka akuya a sansaninsu, ya roƙa a ba shi ƙashin ƙafa, ya kankare shi da wuƙa. Babu ƙaro a can, da miyau ya jiƙa wurin, ya nemi guntun kyandir maimakon kaki. Yana kwance yake gugar, ya yi kaɗan ya huta, ya yi kaɗan ya huta. Ya hana kowa faɗa mana ta waya. Ya ce a kai zabirar hannu da hannu, tsoho zai gane, kada ya zauna yana jiran aiki.

Baba ya daɗe yana murza wurin da babban yatsa. Ya ce, "Ya kwantar da shi da kyau. Bai bar min komai ba." Daga cikin gida muka ji Inna ta fasa kuka, ashe tana bayan zana tana ji.

Baba bai ƙara bar wa kowa kaushi ba har ya koma ga Allah. Zabirar tana wurina, a rataye a bayan ƙofar ɗakina. Na san wurin sarai, kusa da kafaɗa, amma har yau in zan fita sai na bi maratayin da yatsa, ko zan ji inda auta ya manta.