Kartar Sista Memuna

Sista Memuna ta rasu. Da safen nan 'yarta Rabi ta kira ni, ina shirin shan magani. Har yanzu maganin na nan a kan tebur.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban san ta ina zan fara ba, wallahi.

Gida ɗaya muka zauna da ita a unguwar Maamobi, shekarun tamanin, irin gidan hayar nan mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya. Ita tana ɗinki a ƙofar ɗakinta, ni ina sayar da kayan miya a Kasuwar Malam Atta. Ta girme ni kaɗan. Haihuwata ta fari, ita ta yi ta dafa mini ruwan wanka har na yi arba'in, alhali ba dangin iya ba na baba.

Bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma ta fito da karta. Tsofaffin gidan sun so su hana, suka ce caca ce. Ta ce, "Baaba, zo ka gani. A nan ba a cin kowa."

Gaskiya ta faɗa. Wasan nata daban yake, ban san inda ta koyo shi ba. Ana rabe kartar duka, sai mu riƙa ajiyewa bi da bi, kowane iri daga ƙarami zuwa babba. Ba ki nuna hannunki, ba ki magana. In layi ya zo kan wata ba ta da abin ajiyewa, dukanmu mun faɗi. In kartar ta ƙare, dukanmu mun ci.

In mu biyu ne, wasan ba wuya. Abin da babu a hannuna na san yana hannunta. Da Ladi mai koko ta shigo muka zama uku, har yanzu muna ci, sai dai da ɗan tunani. Amma a kai biyar ko shida, an shiga uku. Katin da ake jira ba ki san hannun wa yake ba, kafin layi ya zagayo wata ta maƙale.

Ni ina son ci. Ita kuwa Memuna ba ta iya ganin mutum a tsaye.

Akwai Fati, wadda mijinta makaniki ya kawo daga wani ƙauye a Arewa inda ba a jin Hausa. Ba Hausa, ba yaren Twi, ba yaren Ga. Mijin ya tafi wajen aikinsa a Abossey Okai tun safe, ita ta wuni a bakin ƙofa tana kallonmu. Wata rana Memuna ta tashi ta kamo hannunta ta zaunar, ta damƙa mata karta.

Ta ƙara jawo wasu mata biyu, muka zama shida, muka yi ta faɗuwa. Kullum. Har Ladi ta fara cewa ƙullunta na jira.

Na ja Memuna gefe na ce, "Sista, mu uku muna ci lafiya lau. Kin ƙaro mutane kin ɓata wasa."

Ko ɗago kai daga keken ɗinki ba ta yi ba. Ta ce, "Hajara, in mun ci, gwal za a ba mu? Bar yarinya ta zauna cikin mutane."

Ranar da muka fara ci mu shida, Fati ce ta ajiye katin ƙarshe. Ta yi ihu da yarensu, muka yi ta dariya ba wanda ya ji abin da ta ce. A kan tabarmar nan ta koyi Hausa.

Ganina da Memuna na ƙarshe bara ne, a Kanda, gidan ɗanta. Ɓarin jikinta ya shanye, magana sai da ƙyar. Na zauna a bakin gadonta. Rabi ta kawo karta ta ce, "Anti, gwada mata."

Hannunta bai iya riƙewa. Na jingina mata kartar a jikin filo, ina ganin komai, ina yi kamar ban gani ba. Sai ta riƙa kallon ƙofa, inda jikokinta da matar ɗanta ke leƙe. Ta daɗe tana kokawa da bakinta kafin ta fito da shi:

"Kira... su."

Suka cika gadon. Muka faɗi tun ba a je ko'ina ba. Ta yi dariya da rabin fuska, ni kuma na shiga banɗaki na yi kukana.

Yanzu ina Kumasi wajen ɗana, an yi mini aiki a gwiwa, ko tsakar gida ba na iya takawa. Bayan azahar za a kai ta. Ba zan ga fuskarta ba, ba zan taɓa likkafaninta ba. Sai waya a hannu kamar wata baƙuwa.

Ya Allah, ga Memuna nan ta zo gare Ka. Ka yafe mata, Ka yalwata mata kabari, Ka sa ta cikin mutanen kirki a Aljanna.

Ku da kuke kusa da Kanda, don Allah wata ta shiga gidan ta riƙe mini Rabi. Sauran kuma, ko ba ku san ta ba, ku yi mata Ƙulhuwallahu. Ni abin da zan iya ke nan daga kan gadon nan.