Muryar Modu da Bukar ya binne

Daminar da na cika shekara tara, wata Laraba bayan ruwa ya ɗauke, aka ɗora ni kan rumfar gadin tsuntsu a gonar geronmu, can bayan Mafoni. Ina jan igiyar gwangwanaye har hannuna ya yi kanta, amma tsuntsayen ko gezau. Sai Modu, ɗan maƙwabtanmu, ya hau rumfarsu ya rera da ƙarfi: "Ku tashi, ɓarayin gero, Falmata ta gaji!" Suka tashi duu. Tun daga ranar shi ke kore mini su da wannan waƙa, ni kuma in gasa tumu mu raba, mu dawo gida ƙafa duk laka, a yi mana faɗa tare. Shi na aura.

Ranar bikin 'yarmu ta fari, ƙaninsa Bukar ya aro na'urar bidiyo ya saɓa a kafaɗa yana taƙama. Modu, da furfurarsa, ya miƙe a tsakar gida ya sake rera mini waƙar gona, mata suna dariya, ni ina rufe fuska da mayafi. Bukar kuwa sai surutu yake, ashe na'urar ba ta jin kowa sai wanda ke kusa da ita. Na ce, "Bukar, yi shiru mana." Bai yi ba.

Bayan rasuwar Modu na sa aka kunna mini kaset ɗin. Ga shi tsaye, bakinsa na motsi, hannunsa na nuna ni. Ba ka jin komai sai shuu, da gurnanin janareto, da Bukar yana cewa, "Naman nan ya yi kaɗan." Jikata ta kai wa masu gyara, suka ce abin da bai shiga ba ba ya fitowa. Na yi kuka kamar ranar jana'iza.

Da Bukar ya aurar da 'yarsa bara, ya tashi yin nasiha, na tsaya jikin mai ɗaukar bidiyo na rangaɗa guɗa har sai da ya zauna. Amma yanzu kowa da wayarsa, suka kama muryarsa tas. Yana da sauran 'ya'ya mata, ni ma maƙogwarona bai mutu ba.

Gonar ta zama gidaje, ba gero, ba tsuntsu. Muryar Modu a kunnena kaɗai ta rage, kunnen kuma ya fara nauyi.