Rediyo da Banɗakin Mata

Rediyo muke ce mata, don in ta fara magana babu inda ake murɗawa a kashe. Kekenta yana jikin nawa a kamfanin ɗinka kayan 'yan makaranta, ita tana haɗa kwala, ni ina sa hannun riga. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, kullum da allura soke a gefen ɗankwali. Da wannan keken ta rene 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta.

Banɗaki ɗaya ne a kamfanin, a bayan ɗakin guga, ƙofarsa ba sakata, kuma maza masu guga sun mai da shi nasu. Dabararmu mu mata ita ce kada mu sha ruwa daga safe har a tashi. Wadda ta matsu sai ta roƙi wata ta tsaya mata a bakin ƙofa tana tarin ƙarya. Rediyo ta rantse sai ta ga banɗakin mata a kamfanin nan, ta shiga bin ƙungiyoyin mata neman taimako.

Allah ya jiƙan ƙawata, duk wanda ya iya magana ya saye ta. Da ta je wajen wata lauya, dawowa ta yi tana taku ɗai-ɗai.

"Ƙawa, ashe doka ce maganinmu. Kujera ɗaya ta maza, ɗaya tamu a kwamitin ma'aikata."

Na ce, "To banɗakin fa?"

"In muka hau kujera shi zai biyo mu."

Ba a jima ba ta haɗu da wata siririyar mata daga ƙungiyar ƙwadago, wadda ake kira Kwamared. Nan take labari ya sauya: maza ba su da laifi, mai kamfani ne ke shan guminmu gaba ɗaya. Ta koma kiran masu guga 'yan'uwa. 'Yan'uwan suka amsa da fara'a, sakata dai ba su sa ba.

Ta ukun wata Dakta ce daga jami'a. Ita a wajenta mulkin maza ne tushen komai, daga tsakar gida har kamfani. Ranar da Rediyo ta saurare ta, ta koma gida ta miƙa wa babban ɗanta tukunya, wai yau namiji zai yi girki. Da yunwa suka kwana, amma ta ce ta fi kowace rana jin daɗin barci.

Sai ta yi lissafi irin nata: in mace ɗaya mai ilimi tana da ƙarfi, uku sai su ɗaga rufin kamfani. Ta gayyace su duka rana ɗaya ofishin manaja, ba ta gaya wa kowacce cewa sauran za su zo ba. Ni ta ja a matsayin shaida.

Lauya ce ta fara. "Ranka ya daɗe, abin da muke nema shi ne mace a kwamiti."

Kwamared ta juyo wajenta. "Hajiya, in mace ta zama manaja ma, albashin mai ɗinki zai ƙaru? Kujerar ta irinku ce, masu mota."

Dakta ta gyara tabarau. "Ku duka biyun kun zo durƙusa wa namiji ne. Ke kina roƙon kujerarsa, ke kuma kina wanke masa laifi."

"Wa ke biyanki albashi a jami'ar, mace ce?" in ji Kwamared.

Rediyo ta ɗaga hannu kamar 'yar aji. "Don Allah Anti, maganar banɗakin..."

Su ukun suka ce ta ɗan dakata, ai saboda ita ake yi.

Ban taɓa ganin manaja cikin nishaɗi irin na ranar ba. Ya aika aka kawo musu lemo mai sanyi, ya jingina yana gyaɗa wa kowacce kai. Da suka gaji ya miƙe ya ce, "Iyayena, ni mai biyayya ne. Ku je ku daidaita, duk abin da kuka tsayar ku dawo." Kafin su tafi Lauya ta nemi izini ta shiga banɗakinsa na cikin ofis. Mu ko lemon ba mu taɓa ba.

A hanya Rediyo ta ce min, "Kin san abin haushin? Kowacce da gaskiyarta." Haka take. Ko a ranar ba ta iya zagin kowa ba, ni na yi mata.

Bayan haka ƙafafunta suka fara kumbura, har taka keke ya gagare ta. Likita ya ce ƙoda ce, ya tambaye ta ko tana shan ruwa sosai. Ta yi dariya har da tari. Ni ce a gefen gadonta lokacin da ta cika, hannunta a cikin nawa, yatsan nan mai kanta saboda allura.

Su ukun sun zo ta'aziyya, kuma hawayensu na gaske ne, ba zan yi musu ƙarya ba. Sai dai kowacce ta ja ni gefe ta ce marigayiya tasu ce tun asali.

An gina banɗakin daga baya. Wani babban mai sayen kayanmu ne ya ce zai turo a duba kamfani, manaja ya sa aka fasa bangon sito cikin gaggawa. Har da madubi da famfo mai sheƙi. Kowace ƙungiya ta sanar da cewa gwagwarmayarta ce ta haifar da shi. Masu dubawa na tafiya aka sa kwaɗo, wai kada mu lalata shi kafin su sake zuwa. Makullin yana aljihun manaja.

Jiya yarinyar da aka ba keken Rediyo ta tambaye ni wa ya kamata mu gani a kan makullin nan. Na ce ta bari in gama hannun rigar da ke gabana tukuna, don idona ya cika, ba na ganin allura.