Ranar da Na Gaida Baƙi Ina Lilo

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Asabar batirin ya mutu. Na san lokacin daidai, domin agogon bangon ɗakin kakata yana daidai da hancina, ni kuwa ina rataye tsakanin sama da ƙasa.

Shekarun baya ke nan, ina ɗaliba a Gusau, na zo hutu gida Tsafe. Kakata ta yi wata biyar a kwance. Ciwon ya ɗauke mata ƙafafu da hannu ɗaya, amma ya bar mata bakinta cif. Mahaifiyata ce ke ciccibarta daga gado zuwa keken guragu, har bayanta ya riƙe, ta koma yin salla a zaune. Daga nan aka daina fitar da Kaka tsakar gida. Sati uku rabonta da ganin rana.

Sai kawuna ya samo aron na'urar ɗaga majinyaci: ƙarfe mai tayoyi da dogon hannu, da wani ƙyalle kamar majanyi da ake naɗe mutum a ciki, a maƙala a ƙugiya, a danna rimot ya tashi. Masu ita sun ce idan ba a amfani da ita a mayar, akwai masu jira.

Kaka ta kalle ta sau ɗaya ta juya wa bango fuska.

"Ni buhun gero ce da za a rataya ni a sikeli? Ku fitar min da wanga abu."

Ni ba na iya gardama, amma ina iya karatu. Na kwana biyu a kan littafin bayanin, na ja layi da jan biro, na fassara matakan a takarda na manna a ƙofa. Ranar Asabar na ce da mahaifiyata, a hankali, ta ɗaga ni a gaban Kaka don ta ga ba a faɗuwa. Abu ɗaya ne ban lissafa ba: kwana uku ba a kawo wuta ba.

Na tashi sama lafiya lau, har ina bayani. Sai abin ya yi ɗan kuka ya tsaya. Inna ta danna, ta sake dannawa, ta bubbuga rimot ɗin a tafin hannu. Ni na san magani, yana shafi na sha huɗu: akwai jan maɓalli a bayan hannun ƙarfen, idan aka murɗa shi mutum zai sauko a hankali. Na buɗe baki ke nan sai aka yi sallama.

Dattijai mata uku ne, dangin Kaka daga Rawayya, sun zo dubiya. Inna ta ajiye rimot a cinyata ta ruga ɗauko tabarma. A gidanmu kuwa yaro ba ya katse gaisuwar manya ko da gobara ce, sai dai ya jira a numfasa. Kuma ba a gaida babba a tsaye, balle daga sama.

Na yi ƙoƙarin durƙusawa. Na naɗe ƙafafu na sunkuyar da kai, sai majanyin ya fara juyawa da ni. "Ina kwana" ɗina na farko bango na gaya wa. Na biyu ya sami kwanon sha. A zagaye na uku ne na dace da fuskokinsu.

"Lafiya lau, ɗiyata," in ji babbarsu, tana ɗaga kai. "Ashe ke ma ba ki da lafiya? Ba a faɗa muna ba."

"Lafiyarta ƙalau," in ji Kaka. "Boko ne. Haka suke karatu yanzu."

Daga nan na gane tsohuwar nan da gangan take. Matar da ta yi wata biyar tana amsa gaisuwa da "uhm" ta shiga tambayar mutanen Rawayya gida gida. Ya mai gari, ya wance da ta haihu, ya saniyar da ta karye bara, gero ya yi ido? Duk sanda na zagayo ta gabanta sai in ga gefen bakinta yana rawa, tana danne dariya.

Da an bar ni, ina jin da har azahar ina can. Amma ƙaramarsu, wadda ta fi tausayi, ta miƙe ta ce, "Haba, ƙafafun ɗiyar ga sun yi sanyi. A kawo wuƙa a yanke igiyar, mu tare ta."

Na ga Inna ta waiga wajen madafa, hannunta ɗaya dafe da ƙugu. Idan aka yanke majanyin nan, shi ke nan, an koma ciccibar da hannu.

"KADA A YANKE!"

Ni kaina ban san muryar ba. Kaji suka watse a tsakar gida. Na ci gaba, tunda an riga an ɓata: "Inna, jan maɓalli, a bayana, ki murɗa dama. Shafi na sha huɗu."

Na sauko a hankali kamar guga, na dira a kan gwiwoyina daidai gaban tabarmar baƙi. Tunda ga ni a durƙushe, sai na sake gaishe su yadda ya kamata. Nan ɗakin ya fashe. Kaka ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa.

Na shige ɗaki na rufe kaina da littafi, na tabbata na kashe maganar na'ura har abada. Da la'asar aka kawo wuta. Da safe Kaka ta aiko a kira ni.

"Ke, mai shafi na sha huɗu. Zo ki rataya ni, in ga ko ranar tana nan inda na bar ta."

Ta yi shekara biyu tana shan hantsi a gindin darbejiyarmu, ciwon bayan Inna kuma ya warware. Ni ma na rage wani abu. Har yau ina da kunya, amma na koyi cewa sanin abu ba ya sauke kowa sai an faɗe shi da baki, wani lokaci da ƙarfi.

Na daɗe ina son sanin abin da ya canza mata ra'ayi, tunda gwajin nawa bai yi kama da nasara ba. Sai wata rana ina gyara mata majanyin na tambaye ta, ko don ta ga bai yar da ni ba ne.

Ta ce, "Wa ya ce miki faɗuwa nike tsoro? Dariya nike tsoro. To ke kin cinye ta duka, ba ki rage min ko loma ba."