Baƙon da Na Shigar Cikin Kwamfutarmu

Shagona na ɗaukar hoto a jikin gidanmu yake a Illela. Zauren na raba biyu, na fitar da ƙofa bakin hanya. Aikina bai wuce hoton fasfo ba, sai 'yan kabu-kabu masu son a ɗauke su da sabon babur, da fatake masu buga takardu kafin su tsallaka Konni. Aikin da ya fi riƙe gidan na matata ne. Ita ke shiga gidajen kulle da kyamara ranar lalle ko ranar suna, inda baƙon namiji ba ya wuce zaure. Mata kan ajiye mayafi a gabanta, su nuna kitso da ƙunshi, amarya ta zauna bakin gado yadda mijinta kaɗai ya kamata ya gan ta. Bisa magana guda suka yarda da ita: hoton da ta ɗauka ita za ta wanke shi, ta sa a ambulan ta kai da hannunta, idon namiji ba zai sauka a kai ba, har da nawa.

Kwamfuta ɗaya gare mu. Da safe kafin in buɗe shago takan shigo ta ƙofar cikin gida ta yi aikinta ta tashi. Hotunanta na cikin folda guda a gefen allo, ba mu kulle ta da lambar sirri ba don ba mu ga dalili ba. Ban taɓa buɗe ta ba, har nakan faɗi haka a majalisa ina jin daɗi.

Karatuna a sakandare ya tsaya, Turancina kuma na karanta allon kwamfuta ne da gaisawa da ma'aikatan kan iyaka. Amma ina da wani hali da ba na so a ce ina da shi, wato son a ji ni ina Turanci. Idan wani ya yi min magana ban gane ba, gara in gyaɗa kai da in ce ya maimaita.

A wata bazara kwamfutar ta soma nauyi. Ina neman magani a intanet na ci karo da wani shafi da ya ce zai cire bairos kyauta, in rubuta lambar wayata kawai. Na rubuta, ban ga wani canji ba, na manta da zancen. Bayan 'yan kwanaki, da azahar ta wuce, waya ta yi ƙara da lambar ƙasar waje. A nan garin wannan ba abin tsoro ba ne. Kullum ana kiranmu daga Konni da Tawa da Agadas, wasu har daga Libiya, kusan kowa kuma sim biyu gare shi. Na ɗauka.

Namiji ne, mai taushin murya, Turancinsa ba irin namu ba. Ya ce daga kamfanin tsaron kwamfuta yake, injinansu sun hango tawa tana aika alamar haɗari, ɓarayi sun shiga ciki. Ya tambaye ni ko ta yi nauyi kwanan nan. Na ce ta yi. Ya sa na danna wasu maɓallai, sai ga jerin layuka da alamomi ja da ruwan ɗorawa, ya ce kowace ɗaya sawun ɓarawo ce. Daga baya na ji cewa babu kwamfutar da ba ta da irin wannan jerin. A lokacin dai na gaskata shi, kuma na ji daɗin yadda yake girmama ni a kowace jimla.

Maƙwabcina ɗan canji, dattijo mai teburin sefa da naira a gefen shagona, ya shigo shan iskar fanka kamar yadda ya saba idan kasuwa ta lafa. Ganinsa ya sa na buɗe muryar wayar don ya ji da wa nake magana. Ya zauna kan benci ya ce yau Bature ya gamu da ɗan'uwansa, Allah ya sa kada su manta da mu. Na ɗaga masa hannu ya yi shiru.

Mutumin ya ce ba sai na wahala ba, in sauke wata manhaja, in karanta masa lambobin da za su fito, shi zai gyara daga can. Muna cikin saukewa wayar da nake ba kwamfutar intanet da ita ta tsallake zuwa sabis ɗin Nijar, kamar yadda wayoyinmu ke yi, komai ya tsaya. Da na bar shi haka da shi ke nan. Sai na fita waje na taka benci ina ɗaga waya sama har sabis ɗinmu ya dawo, na ƙara sayen data, na dawo na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, yana jira. Na karanta masa lambobin a hankali, ina gyara lafazi.

Kibiyar da ke kan allo ta motsa alhali hannuna na kan cinyata. Maƙwabcina ya matso ya ce aljani ne ko mi, na yi dariya na ce ilimi ne. Wani baƙin akwati ya buɗe, rubutu na gudu a ciki, mutumin ya ce ana bincike ne. A bayan akwatin kuma kibiyar na ta buɗe foldoji ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe ta fasfo, ta buɗe ta takardun fatake. Yanzu na san abin da ya shafi banki yake nema. Sannan ta gangara gefen allo ta buɗe ta matata.

Hotuna suka jeru ƙanana, kafin in yi motsi ya danna ɗaya ya cika allon. Surukar wani babban gidan fatake ce, masu dukiya nan da Konni, ranar sunan ɗanta, kanta babu ɗankwali, jariri a cinya. Mijinta kusan kullum sai ya tsaya a teburin maƙwabcina. Dattijon ya yi a'uziyya ya juya fuska bango.

Abin da na yi shi ne na tuɓe rigata na lulluɓe allon. Turancin ya gudu gaba ɗaya, na koma roƙon mutumin da Hausa cewa ya rufe, matan aure ne. Shi kuwa muryarsa ba ta canza ba. Ya ce duk waɗannan sun kamu, sai na biya kuɗin kariya, in ɗauko katin banki in karanta masa. Ta ƙarƙashin rigar ina ganin haske na sauyawa, wato hotunan na ci gaba da wucewa.

Maƙwabcina, fuskarsa har yanzu a bango, ya ce, "Rigar nan mu ta tsare ma, shi yana can yana kallo. Kashe abin nan."

Na fizge wayar wuta daga bango. Mutumin ya yi ta kira, ban ɗauka ba. Dattijon ya miƙe ya ce shi bai ga komai ba, kuma bakinsa ba zai faɗa wa kowa ba, ya koma teburinsa.

Tunanin da ya fara zuwa min shi ne babu wanda ya kamata ya sani. Da na shiga gida bayan la'asar, matata na tsinke zogale a tsakar gida, na fara da cewa kwamfuta ta samu 'yar matsala. Ta tambayi wace iri. Tambaya na bin tambaya har labarin ya fito duka, ban da niyyar haka. Ta ajiye tiren.

"Hoton wa yab buɗe?"

Na faɗa mata.

"Wa yag gani?"

Na ce ni, da maƙwabcinmu, da shi mutumin. Na yi sauri na ƙara da cewa dattijon mai riƙe magana ne, wancan kuma yana wata ƙasa mai nisa, bai san kowa a Illela ba, mu yi shiru abin ya wuce. Ta ce in wata rana hoton ya ɓulla a wayar wani cikin kasuwar Konni, aka gane mun sani mun ɓoye fa? Na ce da wuya. Ta ce ba a gabana yarinyar ta cire ɗankwali ba, a gabanta ne, don haka ita za ta je ta faɗa. Abu ɗaya ta nema daga gare ni, in gano mata ko mutumin ya kwashi hotunan ko kallo kawai ya yi.

Washegari na ɗauki kwamfutar zuwa Sakkwato wurin wani mai gyara. Ya cire manhajar, ya ce ba ni ne farkon wanda aka kawo masa da wannan ba, kuma babu kamfanin gaskiya da zai kira mutum haka kawai ya ce kwamfutarsa ba lafiya. Da na tambaye shi batun hotunan ya ce da irin wannan manhaja ana iya kwasa, amma shi ba zai rantse an kwasa ko ba a kwasa ba. Galibi kuɗi suke nema, in ji shi. Na dawo da wannan galibin a mota ina juya shi, na san ba zai ishe ta ba. Da na faɗa mata ta ce to, ta ɗauki hijabinta.

Abin da ya faru a can daga bakinta na ji. Ta fara da Hajiya, tsohuwar gidan, uwar mijin yarinyar. Hajiya ta saurara har ƙarshe, ta sa aka kira surukar aka maimaita a gabanta. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ta tambayi wane hoton ne a ciki, da aka faɗa mata ta sunkuyar da kai. Sai Hajiya ta ce, "Mijin naki mai leƙe ne?"

Matata ta ce, "A'a Hajiya, ba shi leƙe. Son Turanci ne yak kai shi."

Hajiya ta ce wannan ma ciwo ne, Allah ya ba shi lafiya. Ta yanke cewa a kawo kwamfutar gidan a goge komai a gaban idonta, ɗanta kuma zai ga mai shagon.

Na kai kwamfutar a bayan babur, matata ta shiga da ita ciki, ni na tsaya a zaure. Mijin ya fito muka gaisa, gaisuwa cikakkiya har da tambayar kasuwa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce tambaya ɗaya gare shi, ban da ni wa ke cikin shagon. Na ambaci maƙwabcina. Ya gyaɗa kai ya ce ya sani. Ashe tun ranar da nake Sakkwato ya tsaya canji, dattijon ya kasa haɗa ido da shi, ya ja shi gefe ya nemi gafara kan abin da idonsa ya gani ba da nufi ba. Mijin bai faɗa wa kowa a gida ba, ya zauna yana jira ya ga ko za mu zo. Ya ce tunda matata ta zo da ƙafarta, shi ya yafe abin da ke nasa. Na matarsa kuma ba shi ne zai yafe ba.

Matata ba ta tsaya a gidan nan ba. Duk gidan da ke da hoto a cikin foldar ta bi shi, har garuruwan Amarawa da Araba, tana faɗin abu ɗaya a kowane ɗaki. Na ce in riƙa raka ta, ta ce ganina a ƙofa ba zai taimaka ba. Wasu sun yi faɗa. Mafi yawa sun ce ba komai, Allah ya kiyaye gaba, sai dai ba su sake kiranta ba. Kakar nan, lokacin da bukukuwa suka fi yawa, kyamarar na cikin akwati, wata mai hoto daga Konni ake ɗaukowa. Matata ta koma ɗinkin hula. Tana min magana kan cefane da makarantar yara kamar kullum, zancen hoto ne dai ba ta yi da ni. A tsakanin nan wata murya ta sake kira da Turanci, wai kamfaninsu na so ya biya ni diyyar abin da ya faru, in kunna kwamfuta kawai. Na kashe wayar.

Har yau hoton bai ɓulla ko'ina ba, kuma ba ni da hanyar sanin ko yana ajiye a wani wuri. Na nemi gafarar yarinyar ta bakin matata, amsar da ta dawo ita ce ta ji.

Sai da damina ta zagayo aka yi wata haihuwa a babban gidan, matar ƙanin mijin ce ta haihu. Hajiya ta aiko a ce wa matata ta zo, da sharaɗi. Memorin da za a sa a kyamara na gidan ne, za a ba ta a ɗaki, a karɓe a ɗaki. Hoton kuma a cikin gidan za a wanke shi, kada ya kusanci shagona. Na sayar da tsohon janaretona na sayo mata ƙaramar firinta wadda ake haɗawa da kyamara kai tsaye, ba ruwanta da intanet. Ta gwada ta a kan yaranmu, ta ce ta yi.

Ranar sunan na kai ta a babur, firintar a cinyarta cikin kwali. Na sauke ta nesa kaɗan da ƙofar, ta shiga, na juyo. Da ta dawo da yamma na tambaye ta yaya aiki, ta ce lafiya lau, ta miƙo min naman suna. Bayan haka wasu gidajen sun soma kira bisa tsarin Hajiya, kowane gida da memorinsa. Ba duka ba, akwai wani gida a Amarawa da har yanzu ta Konni suke ɗaukowa. Yanzu matata na fita aiki kusan kowane mako. Nakan kai ta bakin layin da ta ce, in dawo ɗaukarta idan ta kira, ba ta faɗa min gidan da ta shiga, ni ma ba na tambaya.